Nomau da Baƙon da Kaska Ta Kawo

Dalilin da ya sa ƙwayar cuta ke samun wurin ɓuya a cikin bangon jijiyar jini, ba wai ƙarfi gare ta ba. Ku zauna ku ji, sau ɗaya zan faɗa.

Kun taɓa ganin mutumin da kaska ta ciza, bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya kwantar da shi, kai kamar zai tsage, jiki ya fito da ɗige-ɗige ja, ƙafa ta kumbura. In an kai shi asibiti sai a ce wata ƙwayar cuta ce ta shige bangon jijiyoyinsa ta yi zamanta. Mutane in sun ji haka sai su ɗauka fasa bangon ta yi irin na ɓarawo. Ba ta fasa komai ba. Ɗaukar ta aka yi aka shigar da ita, har da sannu da zuwa.

A da can ba haka abin yake ba. Akwai wani makiyayi da ake kira Cindo, yana kiwon shanu a fadama, a cikin jikinsa abin ya fara. Jikin mutum gari ne, jijiyoyi su ne titunansa, sai dai jan ruwa ne ke gudu a titunan ba tsayawa. Zuciya ce mai garin. Tana zaune a tsakiya tana kaɗa ganga, kowa na tafiya da kiɗanta. Jajaye su ne 'yan dako, kowa da salkar iska a ka, suna kai wa unguwanni. Farare su ne 'yan sintiri, aikinsu su kama duk baƙon da ya shigo su haɗiye shi. Bangon titi kuwa dattawa ne a jere, kafaɗa da kafaɗa, kowa a ƙofar gidansa. Mutumin shi ne gidan, gidan shi ne mutumin. Kada ku tambaye ni yadda aka yi, haka yake. Aikinsu ɗaya ne, su matse da juna kada ɗigon ruwa ya fita daga titi.

A cikin dattawan nan akwai wani Nomau, a unguwar idon sawu. Shekara arba'in yana tsaye a wurin, ko laima bai taɓa bari ta wuce ta gefensa ba. Ya san haka, kuma yana so a sani. A zamanin nan dattawan bango ba su da hannu ta wajen titi, sumul suke kamar daɓen da aka goge. Ƙwayar cuta in ta shigo sai ta yi ta zamewa, ba inda za ta kama, har Farare su cim mata. Ba wanda ya san irin wannan zazzaɓi.

To, santsin nan ba baƙi kaɗai ya dama ba. Wata rana Cindo ya taka ƙaya ta shige masa dunduniya. Aka yi kiran Farare, suka taho a guje, suka iso daidai wurin, suka nemi tsayawa, bango ya ƙi kamuwa, ruwa ya wuce da su. Sai da suka zaga jiki sau uku suna wuce wurin suna kallonsa. Kafin 'yan kaɗan su samu su fita, ƙafa ta yi mugunya, Cindo ya yi wata guda yana dogara sanda.

Shugaban Farare wani ƙato ne mai tumbi, sunansa Barmo. Ya tafi wurin Zuciya ya kai ƙara, ya ce an ɗora musu laifi a banza, ta yaya mutum zai tsaya a titin da babu abin kamawa. Zuciya ba ta ajiye ganga don shari'a, tana kiɗa tana ji. Ta yanke cewa kowane dattijon bango ya fito da hannu ɗaya waje, domin Farare su riƙa kamawa in za su tsaya.

Dattawa duk suka yarda, ban da Nomau. Ya aika wa Zuciya cewa hannun da ke titi kowa na iya kama shi, ba Farare kaɗai ba. Barmo ya ce wa ke titi in ba su ba sai 'yan dako, su kuwa hannuwansu biyu na riƙe da kaya. Nomau ya ga maganar ta fi ƙarfinsa, sai ya kawo sharaɗi.

"To, duk wanda ya kama hannuna ya gaishe ni," in ji shi. "Ni ba turken akuya ba ne."

Barmo ya yi dariya har tumbinsa na rawa, ya ce in dai gaisuwa ce ai ba ta da nauyi, ya yarda. Zuciya ta buga ganga a kai, magana ta zauna.

Kwana biyu Farare suna gaisuwa. A na uku ta koma sannu kawai. Daga nan ta koma gyaɗa kai. Kafin wata ya mutu, sai a cafki hannun Nomau, a taka kafaɗarsa, a kutsa tsakaninsa da maƙwabcinsa Kallamu a fice, ko kallo babu. Jajaye kuwa dama ba su taɓa sanin akwai mutane a bango ba, ƙasa suke kallo suna nishi. Kallamu ya ce masa ya haƙura, yaran zamani ne, kuma aiki ya yi musu yawa. Nomau bai haƙura ba, bai kuma ƙara magana ba. Hannunsa na nan a titi kamar reshe a bakin rafi, wata da watanni.

Ana nan, wata damina, ciyawa ta yi tsawo a fadama. Kaska ta sauko daga jikin wata saniya ta hau ƙafar Cindo, ta kafa baki a idon sawunsa. Tana shan jini tana zubo miyau, a cikin miyan nan kuwa akwai 'yan ƙwayoyin cuta da yawa. Suna faɗowa titi Farare suka yi musu ca, suka haɗiye su. Ɗaya kaɗai ya saura, sunansa Anaruwa. Ɗan ƙanƙani ne kamar gutsuren shinkafa, bai iya iyo ba, bai iya neman abinci da kansa ba. In ba a gidan wani ba, ba ya kwana biyu da rai. Ya laɓe a bayan wani ɗan dako yana kallo. Ya ga yadda Farare ke kama hannun dattawa su tsaya, ya kuma ga fuskokin dattawan bayan an saki hannun.

Da ruwa ya kawo shi daidai ƙofar Nomau, sai ya miƙa hannu biyu ya riƙe hannun tsohon, ya tsuguna har ƙasa.

"Salamu alaikum, Baba. Ina gajiya?"

Nomau ya duba hagu, ya duba dama, ya ɗauka da wani ake. Da ya ga da shi ake, sai ya ɗaure fuska ya amsa a gajarce. Anaruwa bai saki hannun ba. Ya tambayi aiki, ya tambayi sanyin damina, ya tambayi maƙwabta. Ya ce yaya tsayuwa, yaya kafaɗa, don ya ga yadda ake taka ta. Ya ce tun daga bakin titi yake duba bangon nan, bai ga inda ya matse kamar wurin Baba ba, ko tsinke ba zai shiga ba, wannan aikin mutanen da ne. Nomau ya ce ai ba wani abu ba ne, shekara arba'in ne kawai. Anaruwa ya riƙe baki ya maimaita, arba'in, kamar bai taɓa jin irin wannan lamari ba.

Nomau ba wawa ba ne. Ya ga yaron ba ja ba ne, ba fari ba ne, kuma ba ya ɗauke da kayan kowa. Ya tambaye shi daga ina, Anaruwa bai ɓoye ba, ya ce kaska ce ta kawo su, an cinye 'yan uwansa duka. Bai roƙi komai ba. Can sai ga ayarin Farare sun karyo kwana suna tafe.

"Baba, ga su nan," in ji Anaruwa. "Dama gaisuwa ce kawai ta tsayar da ni. Ka kau da kai su gama da ni, ba zan ɓata maka ƙofar gida da yawa ba, ni ɗan kaɗan ne."

Nomau ya dubi yaron, ya dubi Farare. A ce mutum ya tsuguna ya gaishe ka, hannunsa na cikin naka, a zo a cinye shi a ƙofarka kana kallo, kuma waɗanda za su cinye shi su ne marasa kunyar da ke taka ka kullum. Bai tsaya dogon tunani ba. Ya ɗaga hannun babbar rigarsa ya rufa wa yaron, ya naɗe shi tsaf, ya ja shi cikin zaure. Anaruwa ko ƙafa bai ɗaga ba. Farare suka wuce, ɗaya daga cikinsu har ya dafa kan Nomau don ya gyara tafiya.

A zauren kowane dattijo akwai tulun ruwan toka. Doka ce, duk abin da aka shigo da shi daga titi a zaure ake ajiye shi a kwarara masa ruwan nan, in abinci ne ya narke a ci, in mugun abu ne ya mutu. Nomau ya san dokar, shi ke koya wa na baya. Ya ɗauki tulun ya nufi ƙunshin rigar. Daga cikin ƙunshin sai ya ji murya tana tambayar ko mahaifin Baba ma a wannan wurin ya tsaya, Allah Ya jiƙansa. Nomau ya ajiye tulun don ya amsa, da niyyar in yaron ya gama gaisuwa sai ya zuba. Yaron bai gama ba. Ya tambayi kakanni, ya tambayi yadda unguwar take a da, Nomau ya shiga ba da labarin ranar da aka taka ƙaya. Kafin ya kai ƙarshen labarin, Anaruwa ya ɓula rigar ya fito, ya wuce zaure ya shiga cikin gida inda ba a zuba ruwan toka. Ya ba da haƙuri a kan rigar, ya ɗauki tsintsiya ya hau shara.

Washegari Barmo da kansa ya fito zagaye, don an ƙirga baƙin da kaska ta zubo an ga ɗaya ya ɓace. Nomau dama hankalinsa bai kwanta ba. Ya ƙudurta a ransa cewa in Barmo ya gaishe shi, ko da sannu ce guda, zai faɗa masa gaskiya ya miƙa yaron. Barmo ya cafki hannunsa ya tsaya, yana kallon can gaba.

"Kai tsoho, ka ga wani baƙo?"

Nomau ya tsaya jiran gaisuwar, ba ta zo ba. Barmo ya ɗauka kurumta ce ta tsufa, ya ɗaga murya don duk layin su ji, ya ce duk gidan da aka samu baƙo a ciki za a rushe shi, da gidan da mai gidan. Ya saki hannun ya tafi. Tun daga ranar Nomau ya san abin da ke kansa. In aka gane, shi da wurin da ya tsaya shekara arba'in sun tafi.

A cikin gida kuwa Anaruwa ya ci ya ƙoshi daga rumbun Nomau. Da ya ƙoshi sai ya miƙe, ya tsinke a tsakiya, ya zama biyu. Su biyun suka zo suka tsuguna suka gaishe shi. Da rana suka zama huɗu, da la'asar takwas. Duk mai ladabi, ba wanda ke wucewa gabansa bai rusuna ba. Nomau ya ga rumbu na raguwa, amma kowace safiya layi ake yi ana tambayarsa yadda ya tashi, kuma in ya yi tari mutum ashirin ke ce masa sannu. Ya ce a ransa abinci ai don a ci aka yi shi.

Rana ta huɗu Anaruwa ya zo ya zauna a gefe, ya ce akwai abin da ke damun su. Sun kwana uku a unguwa ba su je sun gaida maƙwabta ba, kada a ce baƙin Baba ba su da tarbiyya. Nomau ya ji daɗin maganar ƙwarai, ya ce wannan haka yake, amma titi ba ya fituwa. Anaruwa ya ce ai ba sai sun fita titi ba, katanga ɗaya ce tsakaninsu da Kallamu, in Baba ya yarda su ari 'yan azara daga rufin ɗaki. Nomau ya ce su ɗauka. Suka zare azara suka jera a bayan ɗayansu, suna ƙarawa suna tura shi, suna ƙarawa suna tura shi, har kansa ya lotsa katanga ya ɓulla a tsakar gidan Kallamu da sallama.

Kallamu ya leƙo ta wajen titi yana murmushi, ya ce wa Nomau ashe irin waɗannan baƙi gare shi ya ɓoye shi kaɗai, wannan ai rowa ce. Nomau ya ce ya riƙe bakinsa. Kallamu ya riƙe bakinsa daga Farare, amma ya nuna wa baƙin katangar na gaba da shi, don shi ma a san yana da mutane. Haka aka yi ta yi, gida zuwa gida, ba wanda ya taka titi. Farare na ta sintiri a waje, titi fes, suna kai wa Zuciya labari cewa lafiya lau.

Gidan da aka cinye wa rumbu aka zare wa azara, ramewa yake yi. Nomau ya fara jin rigarsa ta yi masa yawa. Wata safiya ya jingina kafaɗarsa inda ya saba jin ta Kallamu, sai ya ji iska. Ya duba, ya ga tsaga tsakaninsu, ruwa na tsiyaya ta wurin yana fita bayan titi, har da wasu 'yan dako biyu da suka zurma da kayansu. Ya yunƙura ya matsa, ba ƙarfi. Ya kira Kallamu ya matso, Kallamu ya ce shi ma iyakarsa ke nan. Ya duba layin har inda ido ya kai, ko'ina tsiyaya yake.

A waje Cindo ya kasa fita kiwo. Yana kwance a bukka yana rawar sanyi da rana tsaka, ƙafa ta kumbura, ɗige-ɗige ja sun fito daga idon sawu suna hawa. Zuciya ta ga ruwa na raguwa a titi, ta ƙara saurin ganga, gari ya ɗauki zafi. Farare suka yi ta gudu sama da ƙasa suna neman abokin faɗa, ba su ga kowa ba.

Nomau ya kira Anaruwa na farko, ya gane shi ne da sauran zaren rigarsa da ke maƙale a wuyansa. Ya ce masa ya kwashi mutanensa su tafi.

"Baba, in mun fita titi cinye mu za a yi, kai ma ka sani," in ji Anaruwa. "Kuma ni ban shigo ba. Ka tuna, kai ka ɗauko ni."

Nomau ya ce bango na zuba. Anaruwa ya ce ya gani, abin bai yi masa daɗi ba ko kaɗan. Ya ce amma Baba ya kwantar da hankalinsa, sun yi shawara, gidan nan ba za su bari ya faɗi ba. Za su bar masa azara uku da ɗan abin da zai ci, ya zauna a matsayin uban kowa, jikoki da tattaɓa kunne su riƙa zuwa gaishe shi daga unguwanni. Wanda zai rushe shi yana waje, ba a ciki ba. Da ya gama sai ya rusuna ya tambaye shi yaya kafaɗar yau.

Nomau ya wuni yana juya maganar. Gaskiya yaron ya faɗa, in ya yi shiru ba mai gane shi, Barmo bai taɓa duban fuskarsa ba balle cikin gidansa. Ba zan ce muku tausayin Cindo ne ya motsa shi ba, bai taɓa ganin Cindo ba, bai san ma yana da shanu ba. Tsagar nan ce ta hana shi sukuni. Duk sanda ya waiwaya sai ya ga ruwa na bi ta gefensa, a wurin da ya ce ko laima ba ta wucewa, kuma 'yan dakon da ba su taɓa kallonsa ba yanzu suna kallo, suna kaucewa wurin.

Da la'asar ya shiga tsakar gida, ya zare wata 'yar hula ta ɗaya daga cikin baƙin a kan igiyar shanya. Mai hular ya gani, ya ce in Baba na so ya riƙe ta kyauta. Nomau ya fito da ita ya riƙe a hannun da ke titi, ya ɗaga.

Farare sun wuce ta wurin ya fi sau goma ba wanda ya lura, don ba sa duban hannun da suke kamawa. Sai da Barmo ya cafka ya ji wani abu a tafinsa, ya duba, ya shinshina, sannan a karo na farko ya dubi mai hannun.

"Ta wa ce?"

"Ta baƙona ce. Suna ciki, sun fi ɗari. Suna gidan Kallamu, suna gidan na gaba da shi, har kwanar can."

"Ta ina suka shiga?"

"Ta hannun da ka ce a fitar."

Barmo ya ce shi ya ce a fitar da hannu, bai ce a rungumi kowa ba. Nomau ya ce haka ne, wannan laifin nasa ne, ba ya neman a bar shi. Abu ɗaya yake so kafin a rushe shi, a aika wa Zuciya a mai da hannuwa ciki, bango ya koma sumul kamar da. Barmo ya ce wannan ba za ta yiwu ba, in ba don hannun ba yanzu ma da ruwa ya wuce da shi, da wa zai tsaya ya yi aikin. Nomau ya ga gaskiyarsa. Ya ce to, a cika ɗaya rabin alkawarin, duk mai kama hannu ya yi gaisuwa, ko 'yan dako su riƙa ɗaga kai in za su wuce. Dattijon da ake gaisarwa kullum ba zai naɗe baƙo a riga don an ce masa ina gajiya ba.

Barmo ya sosa tumbi. Ya ce wannan ba shi zai yanke ba, ya tura manzo. Manzo ya je ya tarar da Zuciya tana kiɗa kamar gangar za ta fashe, ya faɗi saƙo, ya dawo da amsa. Ta ce gari na cikin wani hali, in kowane ɗan dako zai ɗaga kai iska za ta makara, in kowane ɗan sintiri zai tsaya tambayar gajiya ƙaya za ta ruɓar da ƙafa. Hannuwa su zauna a waje, su ake bukata. Sharaɗin gaisuwa kuwa, tunda shi ya jawo wannan fitina, an soke shi daga yau.

Nomau ya sa manzon ya maimaita, ya saurara da kyau. Kallamu ne ya yi ta magana, yana cewa shi bai ɗauko kowa ba, ta katanga aka shigo masa, kuma dama tun farko bai yarda da yaran ba. Ba wanda ya kula shi. Farare suka taru suka kewaye layin.

"Ka shirya, tsoho?" in ji Barmo.

"Tsaye nake tun kafin a haife ka, me zan shirya. Ka fara ta bayan gida, can suka fi yawa."

Ta bayan gida aka fara. Baƙi suka yi ta fitowa ana haɗiyewa, wasu har suna yi wa Farare sannu da aiki. Anaruwa na farko ba a same shi ba, an ce da safe ya tafi gaida wasu dattawa a unguwar gwiwa. Sai da aka bi gida gida, aka rushe fiye da yadda za a ƙirga, kafin a ga bayansu. Na Nomau aka fara kwashewa, ruwa ya tafi da ɓaraguzan.

Cindo ya yi mako uku a kwance, saura ƙiris ya mutu, sannan ya tashi. Ya ce ganyen sabarar da surukinsa ya dafa masa ne ya warkar da shi, ya ba surukin ɗan maraƙi.

Wuraren da aka rushe ba a barin su a buɗe. Aka kawo samari sababbi aka jera, kafaɗa da kafaɗa, aka ce kowa ya fito da hannu. Barmo da kansa ya bi layin yana yi musu gargaɗi. Ya ba su labarin Nomau tun daga farko, bai rage komai ba, har yadda baƙon ya riƙe hannu biyu ya tsuguna, har tambayar kafaɗa. Ya ce su kiyaye, duk wanda ya tsaya ya gaishe su a titin nan mugu ne. Samari suka ce sun ji. Da ya wuce, wanda aka sa a gurbin Nomau ya juya ya tambayi na kusa da shi a hankali, wai da gaske har ƙasa ya tsuguna.

Shi ya sa har yau bangon jijiyar jini yana da hannuwa a waje, Farare na kamawa su fita wurin rauni ba ko sannu. Shi ya sa kuma in irin wannan ƙwayar cuta ta shiga jini ba ta fasa komai, riƙe hannun kawai take yi, bangon da kansa ya naɗe ta ya kai ta ciki, ta ci ta hayayyafa ta bi maƙwabta, jijiya ta fara zuba, jiki ya yi ɗige-ɗige ya kumbura. Ko a asibiti sai sun nemo maganin da ya iya shiga har tsakar gida, na titi ba ya samun ta. Dattawan bango duk sun san labarin Nomau, uba na gaya wa ɗa, ba wanda bai haddace shi ba. Suna nan a jere a jikin kowannenku yanzu haka, hannu a waje, kowa na duban kwanar titi ko yau wani zai tsaya.